Hasashen Mutuwa ga Mai Ƙeƙashewar Hanta: Tsokaci ga Ɗalibin Tafinta

A wannan ɗan rubutu zan yi tsokaci ne a kan yadda likitoci ke auna haɗarin mutuwa ga mai ƙeƙashewar hanta. Dalili kuwa, mu da muke nazarin Hausa a Kudu, wata rana za a iya kiran ɗayanmu ya yi tafinta tsakanin likita da majinyaci Bahaushe.

Ƙwayoyin bairos masu jawo ciwon hanta nau'in B da C sukan shekara da shekaru suna cin hanta a ɓoye, har ta cika da tabo ta yi tauri. Wannan shi ne ƙeƙashewa.

Tsohon ma'auni shi ne Child-Pugh. A kula, Child sunan wani likitan tiyata ne na Amurka, kada a fassara shi da "yaro"! Shi da Turcotte suka fito da ma'aunin a 1964, Pugh da abokan aikinsa suka gyara shi a 1973. Abubuwa biyar ake dubawa: bilirubin, wato sinadarin da ke kawo shawara, albumin, furotin da hanta ke sarrafawa, saurin daskarewar jini, taruwar ruwa a ciki, da rikicewar hankali. Kowanne yana da maki 1 zuwa 3. Jimillar 5 ko 6 rukunin A ke nan, 7 zuwa 9 rukunin B, 10 zuwa 15 kuma rukunin C, mafi haɗari. Illarsa ita ce, biyun ƙarshe da ido ake kimanta su, don haka likitoci biyu kan iya saɓawa.

Ma'aunin MELD kuwa, wanda ya fito daga asibitin Mayo, gwajin jini zalla ne, har da na ƙoda. Makinsa daga 6 zuwa 40 ne, yana nuna haɗarin mutuwa cikin wata uku. Tun 2002 Amurka ke amfani da shi wajen tsara layin dashen hanta.

A nan ne tafinta ke zamewa. Maki ba ya cewa wane zai mutu. Yana faɗin abin da ya sami jama'a masu irin wannan maki ne. Shi ya sa na fi son "hasashe" ko "ƙiyasi" a kan "hukunci", kuma "duba" ba ta da wuri a nan ko kaɗan, domin tunanin mai sauraro zai tafi wajen boka. Makin ma yakan sauka idan aka danne bairos na B da magani irin su tenofobir, ko aka warkar da na C.