Muhimman Kalmomin Nazarin Waƙar Fada

Ɗalibin da ya halarci hawan salla a Garu, fadar Sarkin Dutse, zai ji muryoyi da kaɗe-kaɗe sun cakuɗe: ga kakaki, ga algaita, ga masu ɗaga murya suna kirari. Mai kallo yakan kira su duka “maroƙa” ya wuce. Malamin Hausa kuwa ba shi da wannan uzuri, domin idan ya rikita sunayen a gaban aji, haka ɗalibansa za su riƙe su har ranar jarrabawa.

Shugaban ƙungiyar waƙa shi ake kira jagora. Shi ne mai ƙulla waƙa, shi ke zaɓar turke, wato babban saƙon da aka gina ta a kansa, kamar yabo ko zuga ko ta’aziyya. Masu mara masa baya su ne ’yan amshi, kuma a fada sau da yawa su ne ke riƙe da kayan kiɗan. Kuskure ne a ɗauka maimaici kaɗai ne aikinsu. Wani lokaci jagora yakan fara magana su karɓe su ƙarasa, wannan shi ne karɓi. Wani lokaci su sa nasu kalmomin bisa abin da ya faɗa, shi ne ƙari. Amshi makaranta ce: Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a ƙungiyar gidansu kafin ya zama jagora.

Layukan da ake komawa gare su a kai a kai su ne gindin waƙa, sassan da ke tsakani kuma ɗiya ne. An fi samun waɗannan kalmomi a rubuce-rubucen Farfesa Sa’idu Muhammad Gusau, musamman Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993. Sun fi “baiti” dacewa, saboda baitin rubutacciyar waƙa yana da ƙayyadaddun layuka, ɗan waƙar baka kuwa yana iya tsawo ko gajarta gwargwadon numfashin jagora da yanayin taro.

Sanƙira ba ya rera waƙa. Aikinsa shi ne ɗaga murya ya fayyace abin da jagora ya faɗa, ya ambaci asalin wanda ake yabo, ya kuma sanar da kyautar da aka yi. Zabiya kuwa mace ce mai waƙa da zaƙin murya.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne zambo da habaici. Zambo muzantawa ce ƙarara, ana siffanta abokin hamayyar sarki da munanan kamanni don a kushe shi. Habaici kuwa a sakaye yake, ba a kama suna, sai mai shi ya tsargu. Wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, zai ga yadda gwani ke sarrafa su biyun cikin waƙa ɗaya. Kotso da taushi su ne kayan kiɗan da aka fi sanin mawaƙan sarakuna da su. Salihu Jankiɗi da taushi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku waƙa.

Turawa ma suna da irin wannan rabon aiki a ofera, wasan kwaikwayon da ake rerawa, wanda ya tsiro a Italiya wajen shekarar 1600. Abin da murya ɗaya ke rerawa ita kaɗai suna kiransa ariya, na taron mawaƙa kuma koras. Sai dai kada a yi gaggawar daidaita koras da ’yan amshi: a ofera marubuci ya riga ya tsara kalmomi, wani ya rubuta kiɗa, mai rerawa bi kawai yake yi, alhali ɗan amshi yana da damar ƙari nan take.

Aikin jinga: ɗalibi ya saurari waƙar fada guda, ya rubuta gindinta, ya nuna wurare biyu da ’yan amshi suka yi karɓi.