Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Biyan Harajin Kasuwancin Intanet?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya: shin kamfanoni irin su Google da Facebook suna biyan haraji a ƙasashen da suke cin riba?

To Malam, tsohuwar ƙa'ida ita ce ba a karɓar harajin riba sai kamfani yana da ofis ko reshe a ƙasa. Waɗannan kuwa daga nesa suke sayar da talla, kuɗin ya wuce waje.

A watan Oktoba na 2021, ƙasashe 136 suka amince da yarjejeniyar ƙungiyar OECD, wadda ta tsayar da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 a kan manyan kamfanoni. Najeriya da Kenya suka ƙi sa hannu, domin suna ganin kason ƙasashe masu tasowa bai taka kara ya karya ba. Kenya ta riga ta sa nata harajin kashi 1.5 a Janairun 2021, Najeriya kuma ta ɗora wa kamfanonin nauyin tara mata harajin VAT na kashi 7.5 daga 2022.

Inda aka bar kamfanoni aka juya kan talaka kuwa, abin bai yi daɗi ba. A 2018 Uganda ta sa shilin 200 kullum a kan mai shiga shafukan sada zumunta, ta janye a 2021. Ghana ma ta soke harajin tura kuɗi ta waya a 2025.

Yanzu ƙasashen Afirka sun kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya.