Kafin Ka Kai Kuɗinka Kasuwar Kyamara

Ɗana, na ji ka tara 'yan kuɗinka kana son ƙaramar kyamara irin ta yanzu, marar madubi a ciki, kana kuma tambaya ko tsofaffin lensin da muka yi aiki da su a zamanin fim za su hau kanta. Za su hau. Amma dakata tukuna, kada ka shiga kasuwa da kuɗi a aljihu ba ka san abin da kake nema ba, domin mai shago abin da ke kan kantarsa zai yaba maka. Shawarata ita ce ka fara sanin irin hoton da kake son ɗauka da lensin da zai ɗauke shi, sannan ka nemo musu kyamarar da ta dace. Yawancin samari ta baya suke farawa.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa abin yake yiwuwa, don idan ka gane shi babu mai ruɗa ka. Kyamarorinmu na da suna da madubi tsakanin lensi da fim, wanda yake ɗagawa duk lokacin da aka danna. Madubin nan yana bukatar wurin motsi, shi ya sa aka ƙera lensin su zauna nesa da fim: na Nikon milimita 46.5, na Pentax kusan 45.5, na Minolta 43.5, na Canon FD 42. Da aka cire madubi sai tazarar ta ragu ƙwarai. Ta Sony milimita 18 ce, ta Fujifilm 17.7, ta Olympus da Panasonic ta ɗara 19 kaɗan, ta Nikon Z kuwa 16. Abin da ake kira adafta yawanci bututun ƙarfe ne kawai, babu gilashi a cikinsa, aikinsa ya cike wannan gibi ya mayar da lensi inda aka ƙera shi ya zauna. Tun da Panasonic ya fitar da G1 a 2008, Sony ya biyo da NEX a 2010, lensin da aka jibge a akwatuna suka sake samun aiki. Na Canon FD sun fi kowa cin moriya, don tun 1987 da kamfanin ya canza bakin kyamarorinsa suka zama marayu, ba sa hawa sababbin Canon masu madubi sai da dabara.

Ka yi lissafin nan da kanka: ɗebe 18 daga 46.5, saura 28.5. Wato kusan santimita uku na ƙarfe za su shiga tsakanin kyamararka da lensin Nikon, ga shi lensin kansa ƙarfe ne da gilashi mai nauyi. Ƙaramar kyamarar da ka gani a hoto tana shiga aljihu ba za ta ƙara shiga ba. Saboda haka kada ka zaɓi wadda ta fi kowace ƙanƙanta. Ka nemi mai mariƙi, wadda yatsunka za su kama sosai idan nauyi ya rinjaya gaba.

Abu na biyu shi ne girman sensa, farantin da ya maye gurbin fim. Fim ɗinmu faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, kuma don shi aka yi waɗannan lensi. Sensar yawancin ƙananan Sony da Fujifilm ba ta kai haka ba, don haka tsakiyar hoton kaɗai take ɗauka, kamar tela ya yanki tsakiyar yadi ya bar gefuna. A kansu lensi mai milimita 50 yana nuna maka abin da mai 75 zai nuna a fim. A kan Olympus da Panasonic ninki biyu ne, 50 ya koma 100. Ga mai ɗaukar fuska wannan alheri ne, don zai tsaya nesa kaɗan, hanci ba zai kumbura ba, bayan mutum kuma ya narke ya yi laushi. Ga mai son haɗa dangi goma sha biyu a ɗakin amarya kuwa matsala ce. Mai milimita 28, wanda muke ɗauka mai faɗi ne, ya zama 42 a wancan, 56 a wannan, bango zai tare bayanka ba ka gama haɗa mutanen ba. Sony A7, wadda ta fito a 2013 da sensa daidai girman fim, ita ke mayar wa kowane lensi da asalin ganinsa, sai dai ta fi tsada ta fi girma. Akwai kuma adafta mai gilashi a ciki da ke dawo da yawancin faɗin ya ƙara haske, irin wanda Metabones ya fitar a 2013, amma mai kyau a cikinsu kuɗinsa zai sayi lensi da yawa. A ganina, mai farawa ya tsaya a matsakaiciyar sensa, ya kuma riƙe ɗan lensin zamani da ake sayar da kyamarar da shi saboda wurin da ya matse. Kada wani ya zuga ka ka raina shi.

Inda nake son ka fi buɗe kunne shi ne maleƙa, 'yar tagar da ake kafa ido a kai. Tsohon lensi ba ya saita kansa. Kai za ka murɗa zobensa har idon mutum ya fito tar, kuma ba za ka iya ba idan ba ka gani da kyau. Wanda ya taɓa tsayawa a filin idi ko wurin hawan sallah ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya san allon bayan kyamara ba ya nuna komai a ranar ƙasar nan sai fuskar mai kallonsa. Kamfanoni kuwa don su rage girma da farashi sukan cire maleƙa. Sony a5000 da a5100 ba su da ita, a6000 ta 2014 tana da ita. Fujifilm masu lambar X-A ba su da ita, X-E da X-T suna da ita. Olympus E-PL babu, E-M10 akwai. Ko da bambancin kuɗin zai sa ka ƙara wata biyu kana tari, ka ƙara. Ban da gani, kafa kyamara a goshi yana rage rawar hannu fiye da miƙa ta gaba kamar waya.

A cikin maleƙar akwai mataimaka biyu. Ɗaya yana shafa launi, ja ko rawaya, a gefen duk abin da ya shiga saiti. Ɗaya kuma yana kusanto maka da ɗan yanki na hoton ya girma sosai. Na farkon yana da sauri, amma idan ka buɗe ƙofar haske duka yakan ruɗe ka, ya haska gira alhali ƙwayar idon ba ta fito ba. Na biyun ba ya ƙarya. Idan kana gwada kyamara a shago, ka duba ko za a iya ɗora wannan kusantowa a kan maɓallin da babban yatsanka zai taɓa ba tare da ka ɗauke ido ba. Idan sai ka shiga cikin jerin umarni kafin ka same shi, kullum za ka riƙa jin haushinta.

Wasu kyamarorin sensarsu tana motsi don ta kashe rawar hannu, kuma tana yi wa kowane lensi wannan aiki komai tsufansa. Olympus sun yi suna a nan, musamman daga E-M5 ta 2012. Sony sun sa shi a A7 II a 2014, a6000 kuwa ba ta da shi. Yana da amfani da almuru ko a cikin zaure, amma sai ka gaya wa kyamarar tsawon lensin da hannunka duk lokacin da ka canza, don babu wayar da ke haɗa su. In ka manta ka bar ta a 135 alhali 28 ke kai, ita da kanta za ta girgiza maka hoton. Haka kuma wata kyamarar za ta ƙi ɗauka gaba ɗaya sai ka shiga ka ba ta izinin aiki ba tare da lensi ba, don a saninta babu komai a bakinta. Daga nan ka ajiye ta a harafin A, kai ka zaɓi ƙofar haske a jikin lensi, ita ta zaɓi saurin ɗauka.

Batun lensin kansa ba shi da wuya yadda ake kururutawa. Ka fara da mai milimita 50 ko kusa da haka, mai f/1.8 ko f/2. Kusan kowace kyamarar fim da shi ake sayar da ita, an yi su da yawa, shi ya sa suke da sauƙin kuɗi, kuma da wuya ka samu marar kyau: Takumar na Pentax, Rokkor na Minolta, Zuiko na Olympus, Nikkor, ko FD. Za ka ji samari suna zuzuta Helios 44-2, mai milimita 58 da aka ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet bisa tsarin Biotar na Carl Zeiss, saboda yadda yake murɗa bayan hoto kamar guguwa. Yana da daɗi na ɗan lokaci, amma ingancinsu ya sha bamban daga wannan zuwa wancan, kuma ba kowace fuska ke son guguwa a bayanta ba. Tsofaffin masu zuƙowa da nesantawa kuwa ka bar su tukuna, yawancinsu nauyi gare su da duhu. Sannan ka tsaya a gida ɗaya. In ka fara da Minolta ka ci gaba da Minolta, adafta ɗaya ya ishe ka. Na ga waɗanda suka tara lensi bakwai na gidaje biyar, kullum suna kwance wannan suna ɗaura wancan, hotunan kirki kuwa babu.

Kada ka biya sai ka duba. Haska tocilar wayarka ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, mai kama da saƙar gizo-gizo a cikin gilashi, don idan ta daɗe takan ci fuskar gilashin har abada, da kuma hazo mai kashe kaifin hoto. Murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe, ya tafi sumul ba cijewa ba kwance-kwance. Buɗe ƙofar haske ka rufe, ganyayyakinta su kasance a bushe, don mai a jikinsu yana sa su maƙale. In ka ci karo da Super-Takumar 50 mai f/1.4 gilashinsa ya yi rawaya, ba lalacewa ya yi ba, wani sinadari ne mai suna toriyam da aka sa a gilashin, kuma hasken rana yana wanke launin a hankali. Sai dai kada ka shanya shi a ranar bazara, zafi zai narkar da man cikinsa ya gangaro kan ganyayyakin. Adafta kuma, araha ba ta ado. Ba na ce ka sayi mafi tsada ba, amma ka gwada biyu: kada lensi ya yi girgiɗi a kansa, kuma abin da ke nesa, kamar hasumiyar masallaci, ya fito tar. Adaftan da ya ɗara kauri ko da kaɗan ba zai taɓa kai ka nesa ba.

Kafin ka yi odar komai daga waje, ka zaga wurin tsofaffin masu hoto na garinku. Da yawansu suna da waɗannan kaya a cikin durowa. Ka je da sallama da ladabi, ka zauna ka saurara, kuma idan dattijo bai san darajar abin da ke hannunsa a yau ba, kai ka gaya masa gaskiya ka biya shi. Abin da zai koya maka game da haske a wannan zama ya fi lensin.

Kyamarar hannu ba laifi ba ce, yawancin waɗanda na ambata ma a hannu za ka same su. Ka sa a duba maka adadin hotunan da ta ɗauka, ka ɗauki farin bango da ƙofar haske a tsuke don tabon sensa ya bayyana. Batirin waɗannan ƙanana ba ya jimawa, ga ɗaukewar wuta, don haka ka sayi na biyu tun ranar farko.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Da ka cire lensi, sensa tana nan tsirara, babu madubin da zai kare ta. Da hunturu kada ka canza lensi a fili. Shiga ɗaki ko mota, kashe kyamarar, kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. In ƙura ta shiga, da 'yar robar hura iska ake fitar da ita, ba da baki ba, ba da gefen riga ba. Da damina kuma abokin gabarka danshi ne. Kada ka rufe lensi a jakar fata a ƙarƙashin gado, ka sa su a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi, kana fito da su suna shan iska.

Saura maganar amana. Idan aka ɗauke ka aikin biki ko suna, kada ka je kana koyon murɗa saiti a kan ranar mutane. Ba a maimaita ɗaurin aure saboda hoto bai fito ba. Dokin hawa ba zai jira ka ba, yaran da ke guje-guje ma haka. A irin wannan wuri ka ɗaura lensin zamani mai saita kansa, tsohon kuma ka ajiye shi sai amarya ta zauna, ko kaka ta jingina kusa da ƙofa haske yana dukan gefen fuskarta. Kafin nan ka yi ta gwaji a gida a kan ƙannenka. Fara da f/4, inda kuskure kaɗan ba ya nunawa, in hannunka ya faɗa ka sauko f/2.8, sannan f/2. Hotunan da suka fito ka turo mini in gani, waɗanda ba su fito ba ma ka haɗo da su, don a jikinsu zan gane ko hannunka ne ko adaftan.

Ka gaida mahaifiyarka da kyau.