Haƙƙin Masu Yi Wa Gari Hidima Don Allah

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci mutane ya sanya sashensu yana buƙatar sashe. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wasu bayin Allah da ke zaune tare da mu a ƙananan garuruwa da ƙauyuka, waɗanda muke cin moriyar guminsu dare da rana, amma ba safai muke ambaton su ba. Muna nufin mai share masallaci da cika randunan alwala, da samarin da ke haƙa kabari ko rana ta take ko ana ruwa, da tsohuwar da ke wanke gawar mata, da ungozomar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare, da mai amalanken da ke kai mara lafiya likita bai tambayi ko dala ba, da wanda ke riƙe da asusun gyaran fanfo, da dattijon da ke shiga tsakanin manomi da makiyayi kafin magana ta kai gaban hukuma. Babu mai biyan su albashi. Tambayar da za mu duba ita ce: mene ne haƙƙinsu a kanmu a shari'a, kuma ina iyakar wannan haƙƙi?

Matar da ke share masallacin Madina

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) labarin wata baƙar mace da ta kasance tana share masallacin Annabi (S.A.W). Wasu malamai sun ce sunanta Ummu Mihjan. Wata rana Annabi ya lura bai gan ta ba, sai ya tambaya, aka gaya masa ta rasu har an binne ta. Ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a sanar da shi ba, kuma mai ruwaya ya ce kamar dai mutanen sun ƙaranta al'amarinta ne. Sai Annabi ya nemi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki wannan a matsayin umarnin maimaita salla ga gawar da aka riga aka yi wa salla cikin jam'i ba, kuma ba hukuncin jana'iza muke nema a nan ba. Abin lura guda uku ne. Na farko, shugaban al'umma, duk da nauyin da ke kansa, shi ne ya fara lura da rashin mai shara. Na biyu, bai yarda da ƙaranta ta da aka yi ba. Na uku, bai tsaya ga yi mata addu'a a ɗakinsa ba, ya taka da ƙafarsa a idon jama'a, domin kowa ya san matsayinta. To mu tambayi kanmu: mutum nawa ne a sahun farko suka san sunan wanda ya share inda suke ɗora goshinsu?

Shin godiya tana ɓata lada?

Akwai masu cewa wanda ya yi aiki don Allah a bar shi da Allah, domin yaba masa zai jefa shi cikin riya. Wannan magana ta haɗa haƙƙoƙi biyu da ke kan mutane biyu daban. Shi mai aikin, abin da ke kansa shi ne tsarkake niyya. A cikin Suratul Insan, aya ta 8 da ta 9, Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme ba tare da jiran sakamako ko godiya daga gare su ba. Amma mu da aka yi wa aikin, abin da ke kanmu shi ne godiya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa godiya ga Allah ba ta cika ga wanda ya ƙi gode wa mutane. Saboda haka ikhlasin mai aiki ba ya zama uzurin butulcinmu.

Game da tsoron riya kuwa, Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri (R.A) cewa an tambayi Annabi (S.A.W) game da mutumin da ya aikata alheri mutane suka yabe shi a kai, sai ya bayyana cewa wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini tun a duniya. Riya ita ce mutum ya yi aiki domin a yabe shi. Yabon da ya zo masa daga baya ba tare da ya nema ba, ba ya rage masa komai in zuciyarsa ta tsaya.

Shi kansa Annabi (S.A.W) ya yabi masu hidima a bainar jama'a. Ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari saboda in abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Ya yi wa wanda zai sayi rijiyar Ruma ya sanya ta ga Musulmi albishir da Aljanna, Usmanu ɗan Affan (R.A) ya saye ta, kuma har yau ana ambaton sa da ita.

Iyakar yabo

Amma shari'a ba ta sake wa harshe linzami ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata (R.A) cewa wani ya zuzuta wani a gaban Annabi (S.A.W), sai Annabi ya tsawata masa, ya kwatanta abin da ya yi da halaka ɗan'uwansa, ya kuma koyar da cewa mai yabo ya faɗi abin da ya sani kawai, ya bar sanin zuciya ga Allah. Ke nan godiyar da muke magana a kai ba roƙo ba ce, ba kirari ba ce. Faɗin gaskiyar abin da mutum ya yi ne, gwargwadon yadda ya yi shi, tare da yi masa addu'a.

Haka kuma ba a auna hidima da yawan dukiya. Lokacin da aka yi kira ga sadaka a Madina, wani ya kawo dukiya mai yawa munafukai suka ce riya ce, wani talaka ya kawo ɗan abin da bai wuce sa'i ba na dabino suka ce Allah ba ya buƙatar wannan. A kan haka aya ta 79 ta Suratut Tauba ta sauka tana zargin su. Mu lura da kyau, domin cututtukan nan biyu suna nan a garuruwanmu. Alhajin da ya ba da buhun siminti 20 ana shelar sunansa a lasifika, kuma ya cancanci godiya. Amma matan da suka yini suna jido ruwan kwaɓa simintin a kansu, da yaran da suka ɗauko yashi daga ƙorama, wa ya ambace su?

Abin da ƙasarmu ta gani da idonta

Hidimar jama'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun san gayya: a taru a nome gonar mara lafiya, a yi wa gwauruwa baibaya, a yashe rijiya. A zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin Samariya sun gina azuzuwan lakwal, sun share garuruwa, sun dasa itatuwa da ƙarfin gayya.

Bayan farin 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun rungumi dabarar barin tohon itatuwa a gonakinsu lokacin sassabe, suna zaɓen rassa masu ƙarfi suna rainon su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo inda iska ke kwasar ƙasa a da. Amma itace ba ya girma in babu mai tsaron sa daga gatarin dare. A garin Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a sun kafa kwamitin sa ido a kan itatuwan, har garin ya zama abin misali da baƙi ke zuwa gani. Irin waɗannan masu tsaro, a garuruwa da dama, maƙwabtansu suke hanawa sara, su kwana da baƙin jinin da ke biyo baya, alhali inuwar da itacen girkin na kowa ne.

Manyanmu kuma suna tune da kurkunu, wanda kan kwantar da magidanci a tsakiyar damana gonarsa ta cika da haki. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da wannan cuta. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi. Cikin manyan abubuwan da suka kawar da shi akwai ƴan sa-kai na ƙauyuka da suka bi gida gida suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwon shiga tafki, suna kai labarin duk wanda ya kamu. Yaranmu na yau ba su san zafinsa ba, kuma da yawansu ba su san cewa tsohon da suke wucewa a bakin kasuwa yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki ba.

Abin da ke kashe gwiwar masu hidima

Abu na farko shi ne zargi ba da hujja ba. Mutum ya riƙe asusun fanfo shekara da shekaru, ranar da ya ɗinka sabuwar riga sai a fara raɗa a majalisa. Allah ya hana mu yawan zato a cikin Suratul Hujurati, aya ta 12. Sau da yawa irin wannan mutum yakan ajiye littafi da makulli ya koma gefe, babu kuma mai yarda ya karɓa, fanfon ya lalace, mata su koma tafki.

Na biyu shi ne kwaɗayin kuɗin zama. Tun da aka saba da tarukan da ake raba ƴan jikkuna a ƙarshensu, wasu ba sa fitowa aikin gari sai sun ji akwai abin sawa aljihu, har ana yi wa mai fitowa don Allah kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Kuma in dama ta samu, sai a tura ɗan gidan wane, a manta da wanda ya daɗe yana wahala.

Na uku shi ne ɓangaranci. Ana ƙin yaba wa mutum domin ba a masallacinmu yake salla ba, ko ba ƙungiyarmu yake ba, ko baƙo ne a garin. Alhali rijiyar da ya yashe ba ta tambayar mai ɗiba ɓangarensa.

Abin da ya kamata mu yi

Muna ba limamai da masu gari da kwamitocin masallatai shawarwari kamar haka.

1. A zauna a tantance masu yi wa gari hidima, maza da mata, a tambayi mata game da na cikin gida, domin yawancin aikinsu maza ba sa ganin sa.

2. A keɓe lokaci sau ɗaya a shekara, kamar bayan kaka ko bayan sallar Idi, a ambaci aikin kowa da gaskiya, a yi musu addu'a. Wanda ya nemi a ɓoye sunansa a mutunta buƙatarsa, a ambaci aikin kawai.

3. Masu riƙe da kuɗin jama'a su riƙa karanta lissafi a gaban mutane a kan kari, kuma kada a bar mutum ɗaya da asusu. Wannan kariya ce ga mutuncinsu kafin ta zama kariya ga kuɗin.

4. A mayar musu da alheri a aikace. In mai hidima ya kwanta ciwo a gaishe shi, a yi gayya a gonarsa. In ya rasu a halarci jana'izarsa, a kula da marayunsa. In matalauci ne a tuna da shi wajen zakkar hatsi saboda talaucinsa, ba a matsayin ladan aikinsa ba, domin zakka ba albashi ba ce.

5. A haɗa kowane tsohon ma'aikaci da saurayi ko budurwa mai koyo. Akwai garuruwan da in tsohuwa ɗaya ta rasu za a rasa mai wanke gawar mace yadda sunna ta koyar, alhali wannan farilla ce da in kowa ya bari, gari duka ya yi laifi.

Ku kuma ƴan'uwa masu hidima, muna yi muku nasiha da ku riƙe niyyarku. In an gode muku ku gode wa Allah, in an manta da ku kada ku ajiye aikin, kada kuma ku ɓata shi da gori, domin aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna rushe sadaka. Wanda kuke yi dominsa ba ya mantuwa.

Muna roƙon kowane mai karanta wannan darasi, kafin Juma'a mai zuwa, ya nemi mutum ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah a garinsu, ya je har gida ya gaishe shi, ya roƙa masa sakamakon alheri a wurin Allah. Allah ya saka wa masu yi mana hidima da mafificin sakamako, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya tsare mu daga riya da butulci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.