Darasi: Jaruntakar Da Ke Ɗaukar Nauyin Ɗan'uwa

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:20-38, Romawa 15:1-2

A ranar 27 ga Mayu, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin Amurka mai jefa bama-bamai, ƙirar B-24, ya tashi daga Hawai neman wani jirgi da ya ɓace. Injinansa suka lalace, ya faɗa Tekun Fasifik. Cikin mutum 11, uku kaɗai suka tsira a kan kwalekwalen roba: matuƙin jirgin Russell Phillips, da Louis Zamperini, da Francis McNamara.

Guzurinsu ɗan ruwa ne da 'yan sandunan cakulan. A daren farko tsoro ya rinjayi McNamara, ya cinye cakulan ɗin duka. Abokansa ba su yashe shi ba. Suka ci gaba da raba ruwan sama da ɗanyen kifi da naman tsuntsu tare da shi. Daga baya, sa'ad da manyan kifaye masu cin mutum suka kawo hari, shi ne ya ɗauki filafili ya taya korarsu. Ya rasu a rana ta 33. Sauran biyun suka kai kwana 47 kafin sojojin Japan su kama su a Tsibiran Marshal.

Duniya takan auna jarumi da ƙarfin damtsensa. Littafi Mai Tsarki yana duban yadda mutum ya bi da raunanan da ke gefensa. Sa'ad da mutum 276 suka fid da zuciya cikin hadiri, Manzo Bulus bai tsaya ga tuna musu kuskurensu ba. Ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah, ya ƙarfafa su su ci.

Ikkilisiya ma kwalekwale ɗaya ce. Ɗan'uwan da ya kāsa jiya, in ba a jefar da shi ba, yana iya zama mai ceton wasu gobe. Zamperini ya karɓi Almasihu a 1949 a taron bisharar Billy Graham, a 1950 kuma ya koma Japan ya gafarta wa masu gadin da suka azabta shi.

Tambayoyi Domin Tattaunawa
1. Me ya bambanta horon ikkilisiya da yasar da mai laifi?
2. Yaya mai bi zai raba ɗan abin hannunsa da wanda ya cuce shi?

Addu'a: A roƙi Ubangiji haƙuri domin masu rauni, da ƙarfin hali domin masu ɗaukar nauyinsu.