Yadda Ake Motsa Jiki Da Hawan Matakala, Ko Da Babu Bene A Gida

Ƙasar Adar ƙasa ce ta hawa da gangara. Daga Keita zuwa Tamaske, daga Buza zuwa Ilela, ƙauye yana gindin dutse, gona tana kan fako ko cikin fadama, rijiya kuwa tana can ƙasan kwari. Matan da suka yi aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, da ka suka riƙa ɗaukar duwatsu suna hawa tudu da su don a tare ruwan sama. Mai irin wannan rayuwa ba ya neman a koya masa motsa jiki. Wanda ke bukatar koyarwar shi ne mutumin cikin garin Tawa: ma'aikacin ofis, mai shago a kasuwa, direba, tela, uwargidan da yara suka ɗauke wa aiki, da ɗan bida da ya dawo daga Abijan ko Libiya ya samu wurin zama. Kabukabu ya ɗauke shi daga ƙofar gida ya ajiye shi ƙofar wurin aiki, ya yini a kujera, da yamma a ɗora shayi mai sukari. A irin wannan zama ne hawan jini da ciwon suga suke samun ƙofar shiga.

Hawan matakala hanya ce ta mayar wa jiki hawan da zaman gari ya ƙwace masa, ba tare da kashe ko dala ba. Kuma likitoci sun daɗe da sanin amfaninsa. A 1953 wani likitan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas mai hawa biyu na birnin Landan da masu karɓar kuɗin motar. Direba yana zaune yini guda, mai karɓar kuɗi kuwa yana hawa da sauka tsakanin benen motar da ƙasanta. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. A 2023 kuma masu bincike na Jami'ar Tulane ta Amurka suka duba bayanan mutanen Birtaniya fiye da 450,000, suka ga masu hawa matakala sama da 50 a rana haɗarin toshewar jijiyoyin jininsu ya yi ƙasa da kusan kashi 20 cikin 100. Wannan alaƙa ce aka gani tsakanin ɗabi'a da lafiya, ba alkawari ba ne ga kowane mutum, amma dalilinta a fili yake. Duk taku ɗaya zuwa sama, cinya da ɗuwawu da ƙwauri ne suke ɗaga nauyin jiki gaba ɗaya. Waɗannan su ne manyan tsokokin jiki, su suka fi cin sukarin da ke cikin jini, kuma idan suka kama aiki dole zuciya da huhu su biyo baya. Shi ya sa mai hawa da sauri yake ƙona ƙarfi wajen ninki takwas na wanda ke zaune. Ga yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: a fara da awo

Kafin a taka matakala ta farko, a je a auna jini, ko a asibitin unguwa ko a babban asibitin jiha. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da ciwon kai ko jiri ba, saboda haka jin ƙalau ba shaida ba ne. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a bar likita ya faɗi abin yi. Wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai fuka, da mai jin zafi a ƙirji idan ya yi sauri, da mace mai ciki, da wanda gwiwarsa ke kumbura, duk su nemi izinin likita tukuna. Mai shan maganin ciwon suga ko mai yin allurarsa ya tambayi lokacin da ya dace, don kada sukarinsa ya faɗi yana tsakiyar hawa. Motsa jiki yana taimakon magani ne, ba ya maye gurbinsa.

Mataki na biyu: a nemo abin hawa

Yawancin gidajen Tawa na ƙasa ne, kuma wannan shi ne uzurin da aka fi bayarwa. To, akwai mafita huɗu.

Ta farko ita ce bene na gaske. Garin ya ƙara samun gine-gine, musamman tun bikin 18 ga Disamba na 2017 da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola. Wanda ke aiki ko karatu a gini mai hawa, matakalarsa na jiransa kullum. Hawa ɗaya na bene yakan kai mita 3, da matakala 15 zuwa 20, don haka hawa uku ko huɗu sun isa a cika 50.

Ta biyu ita ce matakalar wurin zaman ƴan kallo a filin ƙwallo ko filin kokowa, idan an yarda a shiga. Tawa ce ta karɓi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma har yau samari sun san cewa ƙarfin ɗan kokowa a ƙafa yake. Sai dai matakalar zama takan fi ta gida tsawo, ta fi dacewa da matasa.

Ta uku ita ce matakala guda ɗaya tak: dokin ƙofa, ko gajeren dakali, ko bulon siminti marar rami da aka kwantar a jikin bango a kan ƙasa mai tauri. Tsawonta ya zama santimita 15 zuwa 20, kuma faɗinta ya ɗauki tafin ƙafa gaba ɗaya. Kada a yi amfani da kujerar tsugunno, ko turmi, ko jarka, domin suna juyewa. Wannan ita ce ta fi sauƙi ga matan da ba su cika fita ba, ga ta nan a tsakar gida.

Ta huɗu ita ce wadda Allah ya ba Adar kyauta: tudu. Tudun rairayi na bayan gari yana da taushi ga gwiwa amma yana gajiyar da ƙwauri, hanyar dutse kuwa tana son takalmi mai kyau da ido a ƙasa saboda tsakuwa da ƙaya.

Mataki na uku: a zaɓi lokaci, a shirya

A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40, don haka lokacin bazara ba a yin wannan aiki sai bayan sallar asuba ko gab da magariba. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, a yi shi cikin ɗaki ko zaure. Da azumi a bari sai an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa, ko bayan asham. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. A sa takalmi mai kama ƙafa, a bar silifa, domin ita ce ta fi kayar da mutane a matakala. Babbar riga da dogon zane a tattare su sama da idon sawu. Wurin ya zama da haske, kuma a share yashin da ke kan siminti, yana sa santsi.

Mataki na huɗu: a ɗumama jiki

A yi tafiya ta minti 3 zuwa 5, a fara a hankali sannan a ɗan ƙara sauri. A juya idon sawu, a lanƙwasa gwiwa sau kaɗan. Wanda ya tashi daga barci ko daga dogon zama ya faɗa wa matakala kai tsaye, shi ne yakan kwana da ciwon ƙafa ya ce abin ba nasa ba ne.

Mataki na biyar: hawa da sauka

A nan ne aikin yake. A ɗora tafin ƙafa duka a kan matakala, har da diddige, ba yatsu kawai ba. A danna da diddigen a miƙe, ta yadda cinya da ɗuwawu za su ɗauki nauyin. Gwiwa ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, kada ta karkata ciki. Baya ya zama a miƙe, a ɗan sunkuya gaba kaɗan daga ƙugu, ido yana kallon matakala biyu ko uku da ke gaba. Idan akwai ƙarfen riƙo a ɗora hannu a kai don daidaito, amma kada a jawo jiki da shi, in ba haka ba hannu ya ƙwace aikin ƙafa. Kada a riƙe numfashi, domin riƙe shi lokacin yunƙuri yana tayar da jini.

Sauka ta fi hawa haɗari, ko da yake ba ta sa haki. A lokacin sauka ne gwiwa take tare nauyin jiki, kuma a nan aka fi faɗuwa. A sauko a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya, a ajiye ƙafa ba tare da buga ta ba. Wanda ƙafarsa ɗaya ke ciwo ya riƙe wannan ƙa'ida ta masu gashin ƙashi: wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce ke gaba, wajen sauka mai ciwon ce ke gaba.

Mai matakala guda ɗaya kuwa ƙirga huɗu zai riƙa yi: dama ta hau, hagu ta biyo, dama ta sauka, hagu ta sauka. Wannan hawa ɗaya ke nan. Bayan goma sai a canza, hagu ta shiga gaba, don kada ƙafa ɗaya ta yi aikin biyu. Dattijo ya sa bulonsa kusa da bango ya dafa.

Mataki na shida: a auna nauyin aikin da baki

Ba a bukatar na'ura. Idan mutum yana hawa kuma yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, aikin matsakaici ne, kuma nan ya kamata mai farawa ya tsaya. Idan ba ya iya faɗin fiye da kalma biyu ko uku sai ya ja numfashi, aikin ya yi ƙarfi, wannan na wanda ya saba ne kuma na ɗan lokaci kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, kuma ta ce ko gajeren motsi yana shiga lissafi. Ke nan minti biyu na matakala ba asara ba ne, amma shi kaɗai ba zai cika mudun ba, sai an haɗa da tafiyar ƙasa zuwa masallaci, kasuwa ko wurin aiki.

Mataki na bakwai: a ƙara kaɗan-kaɗan

A mako biyun farko a hau matakala 15 zuwa 20 sau biyu a rana, kwana uku a mako, ana hutawa tsakani. A mako na uku da na huɗu a kai 30, sau biyu ko uku a rana. Daga mako na biyar a nufi 50 zuwa 60 a tashi ɗaya. Wannan adadi ba ƙarami ba ne: a wani gwaji da aka yi a Jami'ar McMaster ta Kanada, wanda aka wallafa a 2019, matasa marasa motsa jiki sun riƙa hawa matakala 60 da ƙarfi, sau uku a rana, kwana uku a mako, kuma cikin mako shida aka ga ƙarfin zuciya da huhunsu ya ƙaru. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko yawa ko sauri. Ɗaukar kaya ko tsallake matakala bibbiyu sai ga wanda ya yi watanni yana yi. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu a farko ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gwiwa, ko kumburi, shi ne ke cewa a rage.

Mataki na takwas: a ɗaure shi da abin da ake yi kullum

Abin da aka ce sai an samu lokaci, ba a yin sa. A haɗa shi da wani abu da ba ya wucewa: bayan sallar asuba kafin kari, ko lokacin da ake jiran shayi ya nuna, ko duk sa'ad da aka tashi daga kujerar ofis. Mai fama da sukari zai fi cin riba idan ya yi bayan cin abinci. Likitoci a Japan sun gwada masu ciwon suga da hawa da sauka na minti 3 bayan awa ɗaya da bayan awa biyu da cin abinci, suka ga sukarinsu ya fi saurin sauka. Bayan tuwo ko shinkafa ko fura mai sukari, wannan ya fi kishingiɗa amfani. Kuma a nemi abokin yi, maƙwabci ko abokiyar zama ko abokin aiki, domin mutum yakan ji kunyar fashi idan ana jiransa.

Mataki na tara: a san lokacin tsayawa

Idan aka ji nauyi ko zafi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko duhun gani, ko bugun zuciya marar tsari, ko haki da bai lafa ba bayan an huta, a tsaya nan take a zauna. Idan bai wuce cikin ƴan mintoci ba a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A ranar da ake zazzaɓi ko gudawa ba a hawa. Ko lafiya lau aka gama, kada a zauna kai tsaye, a yi tafiya a hankali na minti biyu ko uku har numfashi ya daidaita.

Mai karatu, matakala 50 hawan mita 8 zuwa 9 ne kawai, kuma da wuya ya ci maka fiye da minti biyu. Ka je a auna jininka a wannan makon, ka samo bulo ɗaya mai ƙwari ko ka dubi benen da ke wurin aikinka, ka fara da 15. Bayan wata biyu ka koma a sake awon, ka nuna wa likita duka biyun.