Hauhawar Ruwan Teku: Abin da Taswirar Kwamfuta Ke Nunawa

Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a cikin rahotonsu na shekarar 2021 cewa ruwan teku ya hau da misalin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Dalili kuwa shi ne ɗumamar duniya: ƙanƙara tana narkewa, ruwa kuma idan ya yi zafi sai ya kumbura. In ba a rage hayaƙin masana'antu da na motoci ba, hawan zai iya kusantar mita ɗaya kafin shekarar 2100.

Yadda Taswirar Take Aiki

Tauraron ɗan'adam ne ke auna tudu da kwarin ƙasa. Sai a ba kwamfuta wannan awo, a umurce ta ta ɗaga ruwan teku da mita ɗaya, ita kuwa ta shafa launi a kan duk ƙasar da ruwa zai rufe. Idan aka yi wa gaɓar Nijeriya haka, launin ya fi yawa a kewayen Ikko, watau Legas, da inda kogin Kwara ya rarrabu ya faɗa teku. Garin Ayetoro na Jihar Ondo tuni teku ta cinye masa gidaje masu yawa.

Ina Ruwan Mutumin Kontagora?

Babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Jebba da Mokwa, ta ratsa Kontagora zuwa Sakkwato. Ta nan shanu da hatsi suke gangarawa kudu, kayan tashar jiragen ruwa ta Apapa kuma su hauro arewa. Ranar da ruwa ya tsai da Ikko, kasuwar Kontagora za ta ji a jikinta.

Bayan haka, da irin wannan taswira ake gane inda ambaliyar koguna za ta bi. A watan Mayu na 2025 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 150 a Mokwa. Kowace shekara hukumar NIHSA takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari.

Abin da Ake Bukata Daga Jama'a

1. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa.
2. A binciki tudun fili kafin a saya.
3. A yi aiki da gargaɗin hukuma tun kafin damina ta kankama.

Taswira ba ta tsai da ruwa, amma tana nuna inda zai bi. Rigakafi ya fi magani.